Faifan Gyaɗar Malama Lauratu

Mugun hali ne mutum ya ƙi magani don ya ga an shayar da wanda ba ya so. Wannan hali ya ci gidaje a ƙasarmu, kuma shi ya sa Malama Lauratu ta yi shekara bakwai a tsakaninmu tana cin tuwonta ita kaɗai.

Litinin tana Ƙanƙara, Laraba Faskari, Asabar Sabuwa. Da hantsi za a gan ta a bayan ɗan acaɓa, jaka a kafaɗa, faifai da ƙullin gyaɗa a cinya. Takan sauka inda aka tsugunar da waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta fara ɓarar gyaɗa. Ba ta kiran kowa.

Ilimin halayyar ɗan'adam ta karanta, ta koma ta yi digiri na biyu a kan yadda ake jinyar zukatan mutanen da al'adarsu ba ɗaya ba. Zuwanta na farko da takardar tambayoyi ta zo. Ta zauna gaban Ummu Salma, wata Bafulatana da aka kashe wa ɗa a wurin kiwo, ta ce, "Inna, yaya sunan marigayin?" Matar ta miƙe ta tafi. Ɗan fari ne. Yana raye ma bakinta bai taɓa kama sunansa ba, balle a gaban baƙuwa.

Da wata ce, da ta ce matar ba ta ba da haɗin kai ba. Lauratu ta ninke takardar ta ce, "An gaya mana a makaranta, in mutum ya yi shiru, ka fara tuhumar tambayarka." Daga nan faifai ya samo asali. Hannu na aiki, ido na ƙasa, ba mai kallon fuskar wani. Wadda hawaye ya zo mata sai ta ce ƙurar ɓawo ce, kowa ya yarda. Ranar zama na biyar Ummu Salma ta ce, "Wancan na farkon, soyayyar gyaɗa yake so." Ta yi magana har azahar, kuma daga ranar ta koma cin abinci.

To, a faifan nan matar manomi da matar makiyayi duk suna sa hannu, kuma nan laifinta yake a wurin mutane. Manoma suka ce ta zama 'yar ruga. Makiyaya suka ce gwamnati take kai wa rahoto. Ba a gayyatarta suna, ba a aika mata goron biki. Ta ji abin da ya fi ƙarfin kunne daga ɓangare biyu, ba wanda za ta sauke wa ko rabi, kuma ba wanda ya taɓa ce mata, "Ke fa, yaya zuciyarki?"

Alhaji Barau na Mairuwa yana da ɗa magidanci, Mani, wanda aka ɗauke a gona, ya yi wata huɗu a daji. Ya dawo ba ya magana, in ya ji ƙarar babur sai ya shige rumbu. Lauratu ta je har ƙofar gida ta yi sallama.

Alhaji ya ce, "Ke ce likitar mahaukatan?"

"Baba, Mani ba hauka yake ba, tsoro ne bai sake shi ba. A ci gaba da addu'a da rubutu, ni zama kawai zan yi kusa da shi a zaure, kana nan."

"Hannun da ya ɓare gyaɗa da dangin waɗanda suka ɗaure mani ɗa? Tahi abinki, ɗiyar nan."

Ta tafi. Ta dawo sau uku, ana rufe mata ƙofa. Sai bana, da Mani ya kwana biyu a rumbu ba ci ba sha, Alhaji ya zo Faskari da ƙafarsa, ya tsaya gefen tabarma. Ba ta bar shi ya roƙa ba. Ta kakkaɓe zani ta ce, "Mu je, Baba." Yanzu Mani yana ɓarar gyaɗa a zaure, jiya ma an ce ya tambayi farashin taki.

Malama, ke ce kika zauna a tsakiya lokacin da kowa ya zaɓi gefe. Mun ga an rufe miki ƙofa, mun yi shiru, har da mai wannan rubutu. Ki yafe mana. Allah ya saka miki, ya ba ki mai sauraronki ke ma. 'Ya'yanmu masu karatu, ga fagen da ba kowa a ciki, ku zo ku taya ta. Mu kuma, ranar Laraba wani ya kai mata tuwo ya zauna su ci tare.

Shi kuwa Alhaji Barau, ga abin da taurin kai ya ci masa: damina uku gonar Mani tana kwance, matar Mani ta gaji ta koma gidansu a Mabai, jikoki biyu sun bi ta, ƙaramin bai san muryar ubansa ba. Maganin kuwa yana wucewa ta ƙofar gidansa duk Laraba, a bayan ɗan acaɓa.