Rijiyar da na ɓata a tsibiri

Har in koma ga Allah ba zan manta da abin da na yi wa wata rijiya a wani ƙaramin tsibiri na Bahar Maliya ba. Lokacin ina gyaran famfo a gidajen unguwar Abhur a Jidda, ina ji da kaina sosai. Kawuna masunci ne a tsibirin. Gida takwas ne a wurin, rijiya ɗaya tak suke sha. Da ya zo Jidda ganin likita na ga yadda igiyar guga ta ci masa hannu, sai na samo injin jan ruwa na bi shi a kwalekwale.

Bai yi murna da injin ba. Ya ce, "Ɗana, ruwan daɗin nan a saman na teku yake kwance, kamar mai a kan miya. Ruwan sama ya daina zuwa kamar da, teku kuma sai matsowa take. Guga shida kowane gida yake ɗiba da safe, shi ke nan."

Na ce, "Kawu, ai wannan tsohon yayi ne."

Washegari da ya fita kamun kifi na kunna injin. Mata suka yi ta cika jarkoki suna sa mini albarka. Wajen sa'a guda, wata tsohuwa ta kurɓa, ta tofar. "Gishiri," ta ce. Na ɗanɗana, na kashe injin nan take. Ashe na zuƙe na saman, na teku ya hauro.

Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya rufe rijiyar da katako, ya ce jarkokin farko na sha da girki ne kawai, wanki da alwala kuma a teku. Wata biyar ina jigilar ruwa daga Jidda duk Juma'a, kafin aka yi ruwan sama rijiyar ta ɗan dawo. Amma wani gida mai jinjiri bai iya jira ba, suka kwashe suka koma unguwar Mahjar a Jidda, har yau ba su dawo ba.

Tun daga nan, in na tarar da mutane suna tattalin abu, sai na tambayi dalili kafin in buɗe akwatin kayan aikina.