Ƙafar Haliru Direba

Haliru mutumin Masama ne, amma a tashar Gwandu aka fi saninsa. Tun yana saurayi yake jan mota tsakanin Gwandu da Kalgo, fasinja a ciki, buhunan albasa a baya. Abin da yake tinƙaho da shi ƙafarsa ce ta hagu. Yakan ce mace za ta riƙe ƙwaryar nono a motarsa, ya sauya giya, ko ɗigo ba zai zuba ba. Kuma haka ne. Direbobi da yawa a tashar shi ya koya musu yadda ake sakin kuloci.

Sai ga shi, da furfura ta cika masa gemu, motar ta fara wani hali. In ya taka totur sai inji ya yi ta ihu, ita kuwa tana jan jiki kamar ba da ita ake ba, ga warin ƙauri yana shigowa. Ya kai ta Kalgo wurin Bawa bakanike, mijin ƙanwarsa Hauwa. Bawa ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci a hankali. Injin bai mutu ba.

"Yaya, faifan kuloci ya cinye," in ji shi. Ya sauke giyabos, ya sa sabon faifai.

Damina ba ta fita ba warin ya dawo. Aka sake sa wani, shi ma ya bi sahu. Daga nan Haliru ya fara magana. A tasha, a bakin masallaci, har a wurin suna, yana cewa surukinsa jabun kaya yake ɗaura wa mutane. Da yake maganarsa tana da nauyi, direbobi suka janye motocinsu daga garejin. Hauwa ta daina zuwa Masama gaisuwa.

Wata ranar kasuwa Bawa ya tsaya a bakin titi kamar kowane fasinja, ya tare motar Haliru, ya shiga gaba. Suka gaisa sama-sama. Bai duba hanya ba, ƙasa yake kallo. Da suka wuce gari, ya rage murya yadda na baya ba za su ji ba.

"Yaya, ɗauke ƙafarka daga kan kuloci."

"Mi kake nufi? Ƙafata tana ƙasa."

"Duba dai."

Haliru ya duba. Ga ta nan kwance a kan kuloci, ta danne shi kaɗan, shi kuwa bai ji komai ba. Ya ɗauke ta. Kafin su kai kwana ta gaba ta koma. Ashe ita ke cinye faifan. Bawa ya juya yana kallon gonakin shinkafa.

A asibiti aka ce ciwon suga ne, ya daɗe yana cin jijiyoyin ƙafar. Likita ta soka masa tsinke a tafin, ya ga yana shiga, bai ji ba. Ciwon bai dame shi kamar bakinsa ba. Ya riƙa tuna wuraren da ya zauna ya ɓata sunan mutumin, da fuskokin da suka gyaɗa kai.

Ya so ya tara direbobi ya warware maganar. Ya je tashar da niyyar haka, ya zauna a benci, aka kawo shayi, sai ya ji harshensa ya yi nauyi. Abin da ya iya kawai shi ne tarar su ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa, ya ce, "Ka mai da motarka wurin Bawa, aikinsa lafiya lau ne." Wasu sun koma. Wasu sun riga sun saba da wani gareji.

Ya bar tuƙi, ya koma gonar mahaifinsa a Masama. In hidima ta kai shi Kalgo, a bayan babur yake zuwa, kuma yakan ce a bi ta bayan kasuwa don kada a wuce garejin. Hauwa ta dawo da zuwa, tana kawo masa garin alkama. Bawa yakan kawo ta, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi jiki. Haliru ya amsa yana gyara tabarma, sannan ya kira matarsa Zulai ta kawo wa baƙi ruwa.