Bashin Kawu Na Fara Biya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na je unguwar Soundview, inda kawuna yake zaune, in gaya masa bashi ya karya ni ba.

Lokacin ina ƙasar waje, ina zaune a unguwar Tremont, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Jinyar mahaifiyata a gida ta sa na ci bashin katin banki har ya fi ƙarfina. Masu katin suka kai ni kotu suka yi nasara, aka fara yankar albashina. Ban gaya wa kowa ba, ni da ake gani tsaf-tsaf a wurin biki da suna.

Wata abokiyar aikina ta nuna min ofishin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta. Lauyar ta ce in na shigar da takardar karayar arziki za a shafe bashin, kuɗin kotun ma kaɗan-kaɗan zan biya. Sai ta tambaya ko na biya wani ɗan'uwa bashi a shekarar. Na gyara zama na ce ƙwarai, dala dubu biyun kawuna. Ai mu bashin na gida ake fara saukewa, banki ya jira.

Ta ajiye biro. Ashe a dokarsu fifiko na yi, kotu na iya karɓe kuɗin daga hannunsa ta raba wa masu bina. Wallahi sai na ji gara a ci gaba da yankar albashin da tsohon nan ya ji.

Na same shi ya dawo daga tuƙin tasi yana shan shayi. Na durƙusa na yi ta kame-kame, sannan na faɗa.

"Tun yaushe ake yankar miki albashi?"

"Shekara biyu, Kawu."

"Kina zuwa kina cin tuwo kina ce min lafiya lau? Ke dai 'yar babanki ce, zurfin cikin nan gado ne. Su zo su karɓa, ni na ce ki biya ni?"

Ranar zaman kotun, da babbar riga ya raka ni. Aka karɓi kuɗin, aka shafe bashin, bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Ina kewarsa ƙwarai. A wurinsa na koyi cewa wanda ya ɓoye wa nasa damuwa, shi ya tsawaita wa kansa wahala.