Motar Dutse ta tafi ba da ni ba

Ni ban taɓa jin wata murya daga sama ba. A majami'a na sha jin masu ba da shaida, wannan ya ce a mafarki aka kira shi, wancan ya ce yana tsakiyar gona ya ji an ambaci sunansa. Ni in na kwanta barci kawai nake yi, don a gajiye nake.

Da aka ba mu jihar Jigawa, maza a ƙauyenmu da ke bayan Gwaram suka kama hanyar Dutse. Ana ta gine-gine, ana neman lebura. Mu Kirista dama gidaje kaɗan ne, sai majami'armu ta koma ta mata da tsofaffi. Yayana ya riga ni tafiya, ya aiko cewa ya samo mini aikin kwaɓa siminti da ɗaki guda. Uwar 'ya'yana ta ɗaure kaya tun ba mu gama zuba dawa a rumbu ba.

Ana cikin haka Baba mai bishara ya faɗi. Shi ne dattijon da ya yi mini baftisma, shi ya ɗaura mana aure. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Muka kai shi asibiti a Birnin Kudu, aka duba shi, aka ce abin da ya rage sai kulawa a gida. Gidan kuwa ba kowa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa ya shiga duniya, ba a jin ɗuriyarsa.

Mata suka raba girki, kowace da ranarta. Amma mace ba za ta tuɓe wa dattijo wando ba. Wannan ba wanda ya tayar da maganarsa.

Ranar tafiyarmu da hantsi, Alhajin da ke jigila tsakanin Gwaram da Dutse ya loda kayanmu a a-kori-kurarsa. Na ce a jira ni in yi wa Baba sallama. Tun daga ƙofa wari ya tare ni. Yana kwance cikin ƙazantarsa tun jiya, kunun da aka kawo masa ƙudaje sun rufe shi. Da ya gan ni sai ya mai da ido bango. Mutumin da ya tsoma ni a ruwa ke nan. Na ɗebo ruwa a randa na fara wanke shi.

Alhaji ya yi ta danna oda, ya gaji ya biyo ni.

"Kai Malam, amarya kake yi wa wanka ne? Rana fa tana yi!"

Ya leƙo, ya gani. Can ya ce, "Allah ya ba da lada. Gobe ma ina kan hanyar nan."

Na fita wajen uwar 'ya'yana, tana zaune a kan ƙullin kaya da goyo. Na ce su yi gaba, zan biyo su in an sami mai duba shi.

"Wa za a samu, maigida?" ta ce. "Dubi ƙauyen nan ka gaya mini."

Gaskiyarta. Ba a samu ba.

Haka na zauna. Na koyi juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya, in shafa masa man kaɗanya, in shanya tabarma, in ba shi kunu da ludayi ta gefen bakin da ke motsi. Ran Lahadi in goya shi zuwa sujada. In na tafi gona hankalina yana ɗakin. Aikin simintin aka ba wani. Uwar 'ya'yana ta kama sayar da shinkafa da wake ga leburori, da shi ta riƙe yaran.

Da ta zo Kirsimeti ta same ni ina wankin wandunan Baba.

"Duk majami'ar nan kai kaɗai Allah ya san sunanka?" ta ce. "Mu fa, wa ya bar mana?"

Na ci gaba da wankina. Da ta koma na shiga wajen Baba, na ce, "Baba, kai ka yi karatun Littafi. Gaya mini tsakani da Allah. Wannan zaman da nake yi kira ne, ko wauta ce?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Na kai kunne kusa, ina jiran babbar magana.

"Juya ni," ya ce. "Bayana zafi."

Na juya shi. Ban sake tambaya ba.

Ya yi shekaru a haka kafin Ubangiji ya ɗauke shi, cikin damina. Bayan an binne shi na hau motar Alhaji, na isa Dutse da jakata. Autana ya ɓuya bayan uwarsa. Manyan suka durƙusa suka gaishe ni kamar kawu daga ƙauye. Ita kuwa ta zuba mini abinci a kwanon baƙi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ɗakin ya saba da rashina, duk inda na zauna na tare wa wani hanya. Na yi 'yan kwanaki na ce zan je in duba gona. Ba wanda ya ce in zauna.

Ni da uwar 'ya'yana ba mu rabu ba, ba mu kuma koma yadda muke ba. A can ta rasu. Ranar da muka binne ta, babban ɗana ya rako ni tasha. Ya yi gemu, ya fi ni tsawo.

"Baba," ya ce, "da za a sake, za ka hau motar nan da ta kawo mu Dutse?"

Na so in ce masa i, don na ga abin da yake so ya ji ke nan. Bakina ya ƙi.

"Da na hau," na ce, "wa zai juya shi?"

Ya miƙa mini jakata ta taga, ya ce in gai da mutanen gida.