Daminar da Babu Mai Kirana

Duk Gadarif babu wanda bai san ni ba. In na yi atishawa a kasuwar dawa, daga can garin Doka ake amsa min da yarhamukallah. Haka nake faɗa wa mutane, kuma har bara ni ma na yarda.

Muna yara, in manya sun tafi yankan riɗi, gida kan rage daga mu sai Kaka. Bayan magariba takan zauna bakin murhu tana soya gahawa, ni take fara kira: "Ɗan Tumbi, mijin banza, matso, tatsuniya ta iso."

Akwai wadda ta fi so. Wai wani ɗan ƙwadago aka kai gona mai faɗin da tarakta kan tsufa kafin ta ga ƙarshenta. Wakilin gonar bai taɓa tambayar sunansa ba, "ya zol", wato "kai mutum", kawai yake ce masa. Da aka gama girbi lori ya kwashe kowa, aka manta da shi. Ya zauna, ya zauna, har shakka ta kama shi: anya yana nan kuwa? Ya mintsini cinyarsa, ya ji zafi, ya ce, "To wa ya ji, ni ko cinyar?" Ya kafa wa inuwarsa ido, rana ta faɗi ta tafi da ita. Ƙarshe ya kira sunansa da ƙarfi, ya kasa kunne.

"Kaka, an amsa?"

"Wa zai amsa, sakarai? Bakin nasa yana wurin kira."

Mu yi ta dariya har da birgima.

Bara aka ba ni gadin wani kambo, sansanin 'yan ƙwadago, can Fashaga. Damina ta sauka, laka ta rufe hanya, lorin da zai shigo ba a ƙera shi ba tukuna. Daga ni sai sauro, shi kuma jinina ya sani, bai san sunana ba. Wata yamma na ji bakina ya ce, "Ɗan Tumbi!" Wallahi na kasa kunne. Ban yi dariya ba. Mai kirana haka ta daɗe a ƙasa. A nan na tuna cewa tun rasuwar kakanmu babu wanda ya ƙara kiranta da sunanta. Kaka kawai muke cewa, kamar dai "ya zol". Ashe ba labarin wawa take ba mu ba.

Da hanya ta bushe na dira kasuwa, na zarce wurin Asabe mai shayi, na ware hannuwa.

"Jama'a, hankali ya kwanta, ga ni na dawo!"

Ta ɗago daga wankin kofuna, ta dube ni.

"Au, wai tafiya ka yi?"