Kwalin Anti a Firijina

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da wani ɗan kwali ya kusa fasa min ciki da lemo ba.

Lokacin gwamnati na ta kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, mu kuwa muna haya a Dutse Alhaji, kuma duk gidan ni kaɗai ke da firiji. Maƙwabciyata wata Bayarabiya ce, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, Anti muke ce mata. An dawo da su Abuja, amma firijin ofis ɗinsu yana can hanya a bayan tirela. Rannan ta shigo da kwali, ciki ƙananan kwalabe ne da wani farin faranti mai ramuka kamar tandar masa ta 'yar tsana. Wai da shi ake auna wani furotin a jinin mutum, a gane lafiyar hantarsa.

"Maman yara, abeg, kar ya yi ƙanƙara, kar ya ji zafi. In ya lalace, oga zai kore ni, ga marasa lafiya suna jira."

Na sa shi a firiji, na ce ta ɗauka ya zama ɗana.

Kashegari ana suna a gidan, ga uwar mijina ta zo daga Abaji. Inna akwai son fita kunyar baƙi. Ina dawowa daga wanke-wanke sai na ga kwalin a bakin taga, firiji cike da lemo. Mu kuwa a namu tashin, ko sunan suruka ba ka faɗa, balle ka ce ta yi ba daidai ba.

Sai na yi dabara. Na shanye kwalba biyu, na samu wuri, na cusa kwalin. Ina juya baya ta fitar, ta ƙara lemo. Na sake sha. Ta sake fitarwa.

"Yau wane irin ƙishi ne ke damunki? Ko dai mu ma mu fara shirin suna?"

Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa sai gyatsa nake, kwali na ta gumi. Da na ga ba sarki sai Allah, na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Inna, amana ce. Na gwajin marasa lafiya ne, zafi kashe shi yake."

Ta yi salati. "Shi ne kika tsaya kina kumbura kamar kwaɗo? Bakin naki na mene ne?"

Da hannunta ta kwashe lemon kaf, ta shimfiɗe kwalin shi kaɗai a tsakiya, ta ja kujera ta tsare ƙofar firijin. Baƙi suka sha lemo da ɗuminsa, ba wanda ya isa ya yi ƙorafi. Anti ta gwada kayanta a ofis, suka yi aiki lafiya lau.

Tun ranar na gane, kunya ado ce, amma in amana na hannunka, buɗe baki ya fi.