Kujerar Gwaggo Mai Kwarashi

Kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofofinsu, Gwaggo Mai Kwarashi ta riga ta shiga ɗakin koyon saƙa da ke bayan cibiyar mata. Za ta share, ta jawo bencuna kusa da taga saboda haske, ta zazzage guntayen ulu kala-kala a tsakiyar tebur. Sannan ta zauna tana jiran wadda ba ta taɓa riƙe kwarashi ba. Haka take yi tun ina 'yar makaranta, ga shi yau ni ma ina da 'yan makaranta a gida.

Abu ɗaya take fara koya wa kowa: ɗan faifan saƙa da ake ɗora kofi a kai. Mata kan zo da hoton jaka ko rigar jarirai a waya, Gwaggo ta duba ta ce, "Ma sha Allah. Zauna ki yi mini faifai tukuna." Sabon hannu kuwa halinsa ɗaya ne. Zai matse zare, ya manta ana ƙara yawan ƙulli a kowane zagaye, sai faifan ya tattare ya miƙe tsaye. Gwaggo ta ɗaga shi ta jujjuya, ta ce, "'Yar nan, ɓeran gidanku ne ya aiko a saƙa masa hula?" A kwashe da dariya har da mai saƙar, a warware a sake.

Ta dalilin mahaifiyata na san ta sosai. Bayan ciwon da ya taɓa mata hannun dama, Mama ta daina fita, ko kofi ba ta yarda ta ɗauka a gaban mutane saboda hannun yana rawa. Tana faɗa tana komai na kai ta ɗakin. Gwaggo ba ta karɓar kwarashi daga hannun mai koyo, sai dai ta ɗora hannunta a kan nata. Haka ta riƙe na Mama mako da mako tana cewa, "Saki jikinki, Yaya, zaren ba gudu zai yi ba." Faifan farko ya fito a karkace. Mama ta kawo shi gida, ta zuba shayi da kanta, ta ɗora kofin a kai, ta kira mu mu gani. Ranar sai da na ɓuya na yi kuka.

Ke ce uwar masu koyo, Gwaggo. Ke ce ba ki taɓa gajiya da amsa tambayar da aka yi miki jiya ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne idonta ya tafi, zare baƙi da shuɗi duk ɗaya ne a wurinta yanzu. Shugabar cibiya ta ce idan ba a samu mai zama a kujerarta ba, ƙarshen wata za a mai da ɗakin wurin ajiyar kaya. Ranar ban kwana tsofaffin ɗalibanta suka cika ɗakin, masu shaguna, masu sayar da jakunkuna ta waya. Ta tambaye su, "Wa za ta riƙe mini sababbin hannu?" Wannan ta duba ƙasa, waccan ta ce oda ta yi mata yawa. Mama ce kaɗai ta ɗaga hannu, hannun nan mai rawa. Gwaggo ta lalubo shi ta sauke a hankali, ta ce, "Allah ya biya ki, Yaya."

Ana cikin haka wata baƙuwa ta leƙo da goyo a baya, sabon kwarashi a leda. Gwaggo ta zaunar da ita, da lalube ta kai ta ƙarshen zagayen farko. Matar ta miƙe tana murna ta ce, "Gwaggo, gobe ƙarfe nawa zan zo?"

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya. Ku kuma da kuka koya a hannunta, wata bai ƙare ba tukuna. Matar nan tana gida da zagaye ɗaya a jakarta, ba ta san yadda ake shiga na biyu ba.